Mai ɓoyewa da mai nunawa: lacca kan fina-finan ban tsoro da na almara

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, ina neman izini. 'Yan'uwa ɗalibai, da masu sana'ar fim da suka baro lokeshan suka zo, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana a kan ƙarfi da raunin fina-finan ban tsoro da na almara. Idan na ce almara, ina nufin fim ɗin da ya gina wata duniya da ba tamu ba, ko ya shigo da sihiri da dodanni da takubban tsafi cikin tamu. Masu sayar da fim kan haɗa su wuri ɗaya, tunda kowanne akwai halittun da ido bai saba da su ba. A wurin mai yin fim kuwa, aikinsu kishiyar juna ne. Fim ɗin tsoro da ɓoyewa yake cin abinci, na almara dole ya buɗe ya nuna. Kusan duk fa'ida da duk matsalar da zan ambata yau daga nan ta taso, har maganar kuɗi.

Mu fara da na tsoro. A shekarar 1975 Steven Spielberg ya fitar da Jaws, labarin ƙaton kifin nan mai cin mutane. An ƙera kifin na inji har guda uku, aka kai su teku na gaske, ba tafkin sutudiyo ba. Ruwan gishiri ya riƙa lalata injin. Aikin da aka tsara gamawa cikin kwana 55 sai da ya ci kwana 159. Da kifi ya ƙi aiki, dole darakta ya nemi wata hanya: kyamara ta zama idon kifin tana kallon ƙafafun masu iyo daga ƙasa, kiɗa mai amo biyu kacal yana ƙara sauri, sannan ganguna masu ruwan ɗorawa da aka harba wa kifin suna gudu a saman ruwa. Ka ga ganga tana tahowa, ka san abin da ke ƙarƙashinta. Sai an wuce awa guda kafin a ga kifin sosai, kuma duk wanda ya kalla da idon basira zai yarda cewa inda aka fi nuna shi, a ƙarshe, nan ne ya fi kama da roba.

Bayan shekara 4 Ridley Scott ya yi Alien. Wanda ya shiga rigar dodon ɗan Najeriya ne, Bolaji Badejo, ɗan Legas da ke karatun zane a Landan, dogo ne siriri, tsayinsa ya haura mita 2. Duk da wannan jiki da aka dace da shi, Scott bai yarda ya tsayar da shi a fili cikin haske ba. Yau ka ga haƙora, can ka ga wutsiya, can inuwa a cikin bututu. Ya san da zarar an ga hannu biyu da ƙafa biyu a tsaye, kowa zai ce ai mutum ne a cikin riga.

Dalilin da ya sa wannan ke aiki a bayyane yake. Abin da ba a nuna ba, mai kallo ne yake ƙera shi da kansa, kuma da abin da ya fi tsoro yake ƙerawa. Mutum ɗari a ɗaki, dodo ɗari. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wannan sana'a, gani har tsoron yake kora.

Daga nan ƙarfi na biyu ya fito, wato arha. Duhu kyauta ne. Ƙofar da ta motsa ita kaɗai zare ne kawai da yaro a bayan kyamara. The Blair Witch Project na 1999 an ɗauke shi da kusan dala dubu 60, ya kawo kusan dala miliyan 250, kuma mayyar da ke cikin sunan fim ɗin ba a nuna ta ko sau ɗaya ba. Paranormal Activity na 2007 dala dubu 15 ya ci, a gidan daraktan aka ɗauke shi, ya kawo fiye da miliyan 190. A Halloween na 1978, fuskar da makashin ke sawa fuskar roba ce da aka saya a kanti da 'yan canji, aka fesa mata farin fenti, aka faɗaɗa ramukan ido. Ba ya buƙatar fitaccen jarumi ma. Fitaccen jarumi cikas ne a wasu lokuta, don mai kallo ya san ba za a kashe shi a minti na ashirin ba.

Amma inda ba a yi wa fim ɗin tsoro rowa shi ne sauti. Ku gwada da kanku: ku kashe sautin duk fim ɗin da ya taɓa hana ku barci, ku kalli hoton kaɗai. Rabin tsoron ya tafi, watakila fiye. A Psycho na 1960, a fitowar da ake caka wa wata mata wuƙa a banɗaki, darakta Alfred Hitchcock ya girka kyamara a wurare 78, aka yanka hoton sau 52. Kusan ba a ga wuƙa ta shiga jiki ba. Ƙarar sukar da ake ji, wani ɗan'uwan kankana ne ake caka wa wuƙa a gaban makirufo. Kiɗan kuma kayan tsirkiya ne zalla, dangin goge, ana jan su da ƙarfi kamar ihu. Jinin da ke gangarawa ruwan cakulan ne, tunda fim ɗin baƙi da fari ne. Amma mutane sun fito suna rantsuwa sun ga an yayyanka mace.

Kayan aikin sauti a nan uku ne: gurnani mai zurfi da ake ji a ƙirji fiye da kunne, ƙara mai kaifi, da shiru. Gurnanin nan yana kaɗawa ne kamar sau 30 zuwa 60 a daƙiƙa. A silima mai manyan lasifikoki yana girgiza kujera. To ku lura, lasifikar waya ba ta iya fitar da shi sam. Idan masu kallonku a waya suke kallo, kuma mun san haka ne, duk gurnanin da edita ya sha wahala ya saka ya tafi a banza. Sai a ɗora masa wani sauti a sama wanda waya ke iya fitarwa, kamar kukan ƙarfe ko numfashi, kuma kafin a saki fim a saurare shi a ƙaramar waya, ba a lasifikar sutudiyo kaɗai ba. Shiru kuwa ba a yin sa da goge sauti gaba ɗaya, domin mai kallo zai zaci wayarsa ce ta lalace. Ana naɗar sautin ɗakin da ba kowa, na minti ɗaya ko biyu, a kowane wurin da aka yi ɗauka, shi ake shimfiɗawa a ƙasa. Sannan a janye kukan gyare ko ƙarar fanka a hankali. Kunne zai ji wani abu ya ɓace, ko da mai shi bai san mene ne ba.

Yanzu ga rauni. Abin da fim ɗin tsoro ke sa wa mutum iri uku ne: fargabar abin da zai zo, firgita ta farat ɗaya, da ƙyamar abin da ido ya gani. Ta farko ita ce mai tsada a wajen basira, sauran biyun kowa zai iya.

Firgita tana da tsari, kuma tsohon tsari ne. A Cat People na 1942 wata mata tana tafiya ita kaɗai da dare, tana jin taku a bayanta. Takun ya tsaya. Ta waiga, ba kowa. Shiru. Sai wani huci mai ƙarfi ya faso daga gefe, ashe motar bas ce ta taka birki. Matakan ke nan har gobe: a ja hankali zuwa gefe ɗaya, a yi shiru na 'yan daƙiƙu, a buga daga ɗaya gefen da ƙara. Matsalar ita ce jiki ne ke amsawa, ba zuciya ba. Ko faranti aka yar a bayanka za ka zabura. Kuma duk firgita tana zubar da fargabar da aka tara; shi ya sa kuke jin dariya a ɗakin kallo bayan kowa ya zabura. Wanda ya firgita mutane kowane minti biyar, ya zubar da jarinsa kafin ya taru. Zuwa ta huɗu mai kallo ya haddace lissafin: kiɗa ya tsaya, to ga shi nan zuwa. Ni a ganina, fim mai tsawon awa ɗaya da rabi, firgita uku ko huɗu masu kyau sun ishe shi, kuma aƙalla sau ɗaya a gina komai sannan a ƙi bugawa, don a rikita lissafin mai kallo.

Sai duhu. Sababbin shiga suna ɗauka duhu na nufin kashe fitila. Idan ka hana kyamara haske, sai ka ɗaga mata ƙarfin gani, hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar yashi. Ka ɗora shi a intanet, a matse shi, baƙin ya koma tabo-tabo. Mai kallo yana zaune a shago da rana tsaka, ba abin da zai gani sai fuskarsa a gilashin waya. Wannan ba matsalar talakawa kaɗai ba ce: a 2019 an yi ta ƙorafi a duniya kan babban yaƙin dare na shirin talabijin Game of Thrones, mutane suka ce ba su ga komai ba, duk da miliyoyin da aka kashe. Yadda ake yi shi ne a haska wurin yadda kyamara za ta ƙoshi, a bar bambanci mai yawa tsakanin inda haske ya faɗa da inda bai faɗa ba, sannan a rage a kwamfuta. Fitila ɗaya mai ƙarfi daga baya ko daga gefe, don ta zana gefen fuska da kafaɗa. Ga baƙar fata wannan ya fi muhimmanci, domin fatarmu da sheƙi take nuna siffa. Ɗan mai kaɗan a goshi da kumatu yana taimakawa. Kuma a bar wani lungu a cikin hoton baƙi ƙirin, ƙofa a buɗe ko ƙarƙashin gado. Ido da kansa zai riƙa komawa can.

Jini kuma, tunda na san za a tambaya. Ana haɗa ruwan gulukos mai kauri irin na masu yin kek kashi huɗu, ruwa kashi ɗaya, jar kalar abinci, sannan ɗigon shuɗi ko ɗan garin koko don a kashe hasken jan. Ja zalla fenti yake zama a kyamara. Zoɓo ya cika ruwa, kuma launinsa yana karkata zuwa shanshanbale. Sabon jini ja ne mai sheƙi, wanda ya jima yana komawa ƙasa-ƙasa, don haka gawar da aka ce ta kwana ba za ta kasance da jini mai walƙiya ba. A kan baƙar fata jini ba ya fitowa sosai sai a kan tufa mai haske. Kuma ku tanadi riga iri ɗaya guda uku, don ɗauka ta farko ba ta cika yin daidai ba. Ƙuda da tururuwa kuma za su zo, sukari ne.

Babban raunin wannan nau'i yana kashi na ƙarshe na labari. Ka yi awa guda kana ɓoyewa, mai kallo yana bin ka bashi, dole ka biya. Idan ka nuna dodon, ya ƙanƙance. Idan ka kawo wani dattijo ya zauna ya yi bayanin asalinsa na minti goma, ya ƙara ƙanƙancewa. Fina-finan tsoro masu yawa suna da kyakkyawan farko da ruɓaɓɓen ƙarshe saboda wannan. Waɗanda suka tsira, sun nuna abu ne ta hanyar da ido ya kasa sabawa da shi. A fim ɗin Japan na 1998, Ringu, macen da ke fitowa daga rijiya an ɗauke ta ne tana tafiya da baya, sannan aka juya hoton. Tafiyar mutum ce, amma nauyin jiki yana faɗawa inda bai kamata ba. Ko sisi ba a kashe a kwamfuta ba.

Ga kuma wautar da ake ɗora wa mutanen cikin labari. An ji kuka a ɗakin da aka kulle shekara ashirin, sai mutum ya ɗauki tocila mai mataccen batir ya nufi can shi kaɗai. Waya ba sabis, mota ta ƙi tashi. Da zarar mai kallo ya ce "ni da tuni na gudu", ka rasa shi. Marubuci ya ba mutumin dalilin zama wanda ya fi tsoron ƙarfi: ɗansa na ciki, ko ba shi da wani wurin zuwa. Sannan cin kasuwa yana jawo maimaici. Halloween ya kai fim 13 zuwa 2022. Makashin da ya hana mutane barci, yau yara ke sa fuskarsa suna wasa.

Abin da ya sa duk da haka nake girmama wannan nau'i shi ne yana iya faɗin abin da al'umma ke jin nauyin faɗa. Fim ɗin ƙaton dodo Godzilla ya fito a Japan a 1954, shekara 9 bayan an jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, kuma gwajin makamin nukiliya ne ya tashe shi a labarin. Living in Bondage na 1992, wanda aka yi da harshen Ibo, mutum ne ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi. Ya fito a lokacin da tattalin arzikin Najeriya ya matse, mutane suna ganin wasu sun kuɗance dare ɗaya ba a san sana'arsu ba. Get Out na 2017, da dala miliyan 4 da rabi, ya yi maganar wariyar launin fata a Amurka ta bakin mutane masu murmushi da fara'a, har ya ci Oscar na rubutun labari. Sai dai wuƙar nan baki biyu gare ta. Wane ne ake mai da shi dodo? Sau da yawa mai taɓin hankali, ko mai nakasa, ko zabiya, ko tsohuwar da ke zaune ita kaɗai. A wuraren da zargin maita ke iya sa a yi wa mutum taron dangi, wannan ba wasa ba ne. Marubuci ya duba wa ya nuna da yatsa.

To mu juya ga almara. Nan ba wurin ɓuya. Ka ce akwai birni a kan gajimare, sai ka nuna shi, da rana, a faɗi, kuma ya daɗe a allo har ido ya ƙoshi. Abin da mai kallo ya biya ke nan: mamaki. Wanda ya buɗe wannan hanya, Georges Méliès na Faransa, asalinsa mai siddabaru ne a dandamali. Dabararsa ta farko har yau tana aiki: a tsayar da kyamara, a cire mutum, a ci gaba da ɗauka, sai ya ɓace. Sharaɗinta kyamara ta kasance a kafe a kan ƙafafunta, a kulle haske da saiti da hannu, sauran 'yan wasa su daskare, kuma a yi sauri kafin inuwa ta gusa. Duk ɓacewar da kuka gani hoto ya yi tsalle, ɗaya daga cikin waɗannan aka karya.

Ku ji abin da nunawa ke ci. A Jason and the Argonauts na 1963 akwai faɗa tsakanin mutane da ƙwarangwal 7. Ray Harryhausen shi kaɗai ya riƙa motsa 'yan gumakan da hannu, ya motsa kaɗan ya ɗauki hoto ɗaya. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce. Kowane ƙwarangwal akwai kai da hannu biyu da ƙafa biyu, wato gaɓa 35 a kowane hoto. Akwai ranakun da hoto 13 kawai yake samu, rabin daƙiƙa ke nan. Faɗan 'yan mintuna ya ci wata huɗu da rabi. Kwamfuta ta canza kayan aikin, ba ta rage wahalar ba, ta dai raba ta ga ɗaruruwan mutane. Kamfanin Rhythm & Hues da ya ƙera damisar fim ɗin Life of Pi a kwamfuta ya shelanta karyewa a Fabrairun 2013, a cikin watan kuma aikin nasa ya ci Oscar.

Misalin da ake koyarwa da shi shi ne The Lord of the Rings, fim uku da Peter Jackson ya ɗauka a haɗe a Niyu Zilan, suka fito daga 2001 zuwa 2003, kuɗinsu kusan dala miliyan 280, na ukun ya kwashe Oscar 11. Mutane suna zaton kwamfuta ce ta yi komai. A'a. Duwatsun na gaske ne. Biranen an gina su ƙanana da hannu, wasu sun fi mutum tsayi, aka ɗauke su. Sulken an saƙa shi zobe-zobe daga yankakken bututun roba, zobba miliyoyi. Gajerun mutanen da ke cikin labarin kuwa, a wurare da yawa dabarar nisa ce: wanda ya ninka nisansa daga kyamara, girmansa a hoto rabi yake komawa. A zaunar da ɗaya kusa, ɗaya nesa, a tsuke idon kyamara zuwa f/11 ko f/16 don dukansu su fito tar, wanda ke nufin ana buƙatar haske mai yawa. Kowanne ya kalli wata alama da aka sa masa, ba abokin maganarsa ba. A ɓoye ƙasa, don ƙafafu ke tona asiri. Wannan kowa a ɗakin nan zai iya gwadawa gobe da waya. Da daraktan ya dawo da The Hobbit a 2012, ya ƙara dogara ga kwamfuta, ya ja ƙaramin littafi ɗaya ya zama fim uku, ya kuma ɗauka da hoto 48 a daƙiƙa. Tsabtar hoton ta yi yawa har gemun roba da bangon katako suka fito fili.

Koren ƙyalle, nan ne aka fi faɗuwa. An zaɓi kore ne don ya yi nisa da launin fatar mutum, kuma kyamarorin zamani sun fi tattara bayani a kore. A ja ƙyallen ya miƙe ba tamoji, a haska shi daban da fitila biyu daidai wa daida, a tsayar da ɗan wasa mita 2 zuwa 3 daga jikinsa. Idan ya matsa kusa, inuwarsa ta faɗa a kai, koren kuma ya dawo masa a kunne da kafaɗa. Farar babbar riga da shadda mai sheƙi suna kwasar koren nan sosai, siririn gyale kuwa da ake hango baya ta cikinsa azaba ne ga edita. A ƙara saurin ƙiftawar kyamara zuwa ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa ko sama, don hannun da ke motsi kada ya yi hazo. Bayan an cire koren ma, abu uku ke tona aiki. Rana a hoton baya tana dama, fitilar ɗan wasa tana hagu. Babu inuwa a inda ƙafa ta taɓa ƙasa, sai mutum ya zama kamar yana shawagi. Sannan ido: mutum biyar suna kallon dodo, kowa da inda ya kalla. A kafa sanda mai ƙwallo a kai daidai tsayin idon dodon, kowa ya kalle ta. Kuma duk abin da ɗan wasa zai taɓa ko ya taka, a gina shi da gaske.

Amma raunin da ya fi kashe almara ba na hoto ba ne, na rubutu ne. Inda komai zai iya faruwa, babu abin da ke da nauyi. Idan zoben jarumi yana maganin kowace matsala, me zai sa in damu? Sihiri yana buƙatar doka, da iyaka, da farashi, kuma mai kallo ya san su kafin a shiga tsaka mai wuya. A Pan's Labyrinth na 2006 an ce wa yarinya: za ki ga tebur cike da abinci, kada ki ci komai, kuma ki fito kafin yashin agogo ya ƙare. Ta ci inabi biyu. Duk abin da ya biyo baya, mai kallo ya san dalilinsa. Masu tatsuniya sun riga mu sanin wannan: kada ki waiga, kada ka buɗe ɗaki na ƙarshe, kada ki faɗi sunan. Dokar ita ce labarin. Abin da bai halatta ba shi ne a minti na tamanin a fito da wata laya da ba a taɓa ambata ba.

Dokokin kuma su ne ke jawo wata cutar, yawan bayani. Sunayen masarautu, tarihin shekara dubu uku, taswira. Lokacin da aka saki Dune a 1984, har takardar ma'anar kalmomi aka raba wa masu kallo a wasu silimu. Fim ɗin da sai an ba ka takarda, ya riga ya gaza. Doka a aikace ake nuna ta: wani ya karya ta tun farko, mu ga abin da ya same shi. Tsadar kuma tana sa kamfanoni tsoron sabon abu, shi ya sa kullum maraya ne wanda annabci ya zaɓa, kuma kowane fim talla ne na mai zuwa. The Golden Compass na 2007 ya ci dala miliyan 180, an yanke ƙarshen labarin an ajiye wa na biyu, na biyun bai zo ba har yau.

Kada wani ya fita yana cewa almara sai mai miliyoyi. A 1987 Souleymane Cissé na Mali ya yi Yeelen, labarin uba matsafi da ke farautar ɗansa, ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes. Akwai taɓaryar tsafi da ke neman yaron. Yaya aka nuna ƙarfinta? Mutum biyu ne ke ɗauke da ita, tana fizgarsu suna tangaɗi. Jikin 'yan wasa ne ya yi aikin, da yadda kowa a cikin fim ɗin ya ɗauki abin da gaske. Sauran kuma ƙasar Mali ce da haskenta.

Bismillah, na ga hannu a can baya.

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Mu a wurinmu aljani ba almara ba ne, mun yi imani akwai shi. To fim ɗin aljanu a wane ɓangare za mu sa shi?

Ƙanwata, kin taɓo wuri mai kyau. Abin da mai kallo ya yarda akwai shi, ɓangaren tsoro yake faɗawa, kuma wannan riba ce, don ba sai kin ɓata minti ashirin kina shawo kansa ba. The Exorcist na 1973 da haka ya yi tasiri a tsakanin Kiristocin da suka yarda da shafar shaiɗan. Har ɗakin yarinyar suka sanyaya da injuna don a ga tururin numfashi. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki abin tsoro a yi masa aikin almara: a shafa wa mutum farar hoda da jan baki, a sa masa murya mai amsa-kuwwa, ya bayyana cikin walƙiyar kwamfuta yana ƙyaƙyata dariya. Yara ma dariya suke yi. Ki bar shi a jikin mutum. A Atlantique na Mati Diop, wanda ya ci kyauta ta biyu mafi girma a Cannes a 2019, 'yan matan da ruhohi suka shiga idonsu kawai aka mayar fari, suka zauna a falon mai kuɗi suna neman haƙƙinsu da muryar da ba ta tashi ba. Idan za ki sa irin wannan gilashin ido, ki saya daga masu maganin ido, kowane ɗan wasa da nasa, kuma a cire shi tsakanin ɗauka, don wasu irinsa suna rage gani. Sannan malamin da zai yi ruƙiyya, ki shigo da shi tun farkon labari, mu san shi, mu san abin da zai iya rasawa, kada ya faɗo daga sama saura minti biyar a tashi.